Kada A Bar Gaɓar Tarakta Ta Saki

Ya ku manoma da dagatai, ga magana game da taraktan nan mai hannun haƙa a baya. Hannun nan gaɓa-gaɓa ne. Kowace gaɓa tana da ƙusa mai kauri wadda ke juyawa cikin zoben ƙarfe, shi ne makanikai ke kira bushin. An yi zoben nan don shi ya cinye, hannun ya tsira.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da gaɓa ta saki, ƙura da rairayi sai su shige, su gauraya da giris, su dinga cin ƙarfe kamar magagari. A ganinmu, wanda ya ji gaɓa tana ƙwal-ƙwal ya ƙyale don tsoron kashe kuɗi, ba tattali ya yi ba. Sabuwar ƙusa da zobe ba su da tsada ƙwarai. Amma in ramin hannun kansa ya koma kamar ƙwai, sai an cike shi da walda, an sake huda shi da inji, ga tsada ga ɓata kwanaki.

In za a sauya ƙusa, a sauke bokitin ƙasa, a tokare hannun, a kashe inji. Kada kowa ya sa yatsa cikin ramin don daidaitawa.

Inda tarakta ta jama'a ce, ya kamata dagaci ya ɗora wa mutum guda aikin dura giris kowace ranar aiki, har tsohon ya fito. Kayan taro in ba a ba shi mai tsaro ba, lalacewa yake yi. Wassalam.