Daga Jirgin Alhazai Zuwa Kumbon Sama

Kafin jiragen sama su yawaita, ta tashar jiragen ruwa ta Jidda galibin alhazan nesa suke shiga ƙasa mai tsarki. Hausawa ma, bayan doguwar tafiya ta Sudan, sukan ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin su sauka a can. Maniyyacin da ya shiga jirgi ya damƙa ransa ne a hannun baƙi, domin bai san sirrin inji ba, balle na taswira.

A shekarar 1880 wani jirgi da ake kira Jeddah ya taso daga Singafo, ya nufi wannan tasha ɗauke da maniyyata fiye da 900. A watan Agusta, kusa da gaɓar Somaliya, teku ta hautsine, ruwa ya fara cika shi. Kyaftin Joseph Clark da matarsa da wasu manyan ma'aikata suka tsere cikin kwalekwalen ceto. Da aka tsince su aka kai su Adan, suka ce jirgi ya nutse. Kashegari sai ga wani jirgi mai suna Antenor ya jawo shi, galibin maniyyatan da ransu, bayan sun yi ta kwarfe ruwa da kansu. Hukuncin kyaftin kuwa bai wuce dakatar da lasisinsa na shekara 3 ba.

A kan wannan abin kunya Joseph Conrad ya gina littafinsa Lord Jim a 1900. Ƙagaggun labaran kimiyya sun gaji irin wannan tsoro, domin kumbo jirgi ne wanda ba shi da gaɓa kusa. A fim ɗin Alien na 1979, kumbon ma sunan wani littafin Conrad aka ba shi, wato Nostromo. Akwai dodo a ciki, amma abin da ya fi dodon muni shi ne umarnin da kamfani ya ba mutum-mutumi Ash a asirce: ya kawo halittar gida ko da ma'aikata za su halaka.

A nan fim ɗin ya fi littafin adalci. Conrad ya bi Jim, jami'in da ya gudu, yana auna nadamarsa babi bayan babi, alhazan kuwa taro ne kawai marar suna. Alien ya tsaya tare da waɗanda aka ci amanarsu, har Ripley ta karanta umarnin da idonta. Maniyyatan Jeddah, waɗanda suka hana jirginsu nutsewa, Conrad bai ba ko ɗayansu babi ba.