Baƙi sun yi nasu, yaran nan namu ne

'Yan uwana na Gusau, na Tsafe, na Bungudu, ku ba ni aron hankalinku.

A 1956 wasu mata suka bar garin Great Bend na jihar Kansas a Amurka, suka ƙetare teku, suka sauka Gusau. Sistoci ne na ɗariƙar Dominikan ta cocin Katolika. Ba su da dangin iya a nan, ba su da na baba. Ba sa jin Hausa. Ba su san zafin bazararmu ba, ba su san ƙurar hunturu ba. Shekara uku kafin nan, a 1953, aka ware yankin Sakkwato aka damƙa wa fada-fadan wannan ɗariƙa, shugabansu Edward Lawton ya fara zama a Gusau, garin da jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa da auduga suka cika da baƙi. Matan nan suka kama aikin jinya, suka karɓi haihuwa, suka koyar da yara. Suka daɗe har 'yan ƙasa suka gaje su, kuma har yau akwai ƙungiyar sistocin Dominikan da ke amsa sunan Gusau.

Ba su ne farau ba. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Hausa: Rowland Bingham, Walter Gowans da Thomas Kent. Cikin kimanin shekara ɗaya, biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake shiri, ya dawo. Daga nan aka sami mishan ɗin SIM, uwar cocin ECWA. Turawan mulki sun daɗe suna hana su shiga ƙasashen sarakunan Musulunci. Ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce wadda kowa ke gudu, wato jinyar masu cutar kuturta. Amanawa a Sakkwato. Babbar Ruga a Katsina. Yadakunya a Kano. Suka wanke gyambon da dangi ke ƙyama. Suka yi renon 'ya'yan majinyata. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Nijar a 1950, kuma har gobe mutanenmu na zuwa can neman magani.

Mu faɗi gaskiya, don gaskiya ba ta ɓata zumunci. Addininsu suka zo yaɗawa. Ba su ɓoye ba, iyayenmu ma sun sani, shi ya sa da yawa suka karɓi magani suka riƙe imaninsu, wasu suka hana 'ya'yansu makarantar mishan. Wannan tarihi ne, kowa da yadda yake kallonsa. Ba muhawara na kira ku ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi aikin.

Zama suka yi. Ba ziyarar yini ɗaya ba ce da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto. Sun koyi harshe. Sun rubuta sunan yaro a littafi, sun auna shi yau, sun sake auna shi mako mai zuwa, in bai zo ba a tambayi dalili. Zazzaɓi ya kwantar da su, sun tashi sun ci gaba. Wasu sun binne 'ya'yansu a ƙasar da ba tasu ba. Kuɗin aikin fa, daga ina? Mafi yawa daga talakawan ƙasarsu, manoma da ma'aikata da tsofaffin mata, masu jefa 'yan kwabbai a baikon ranar Lahadi saboda yaron da ba za su taɓa gani ba.

Su ba su gan shi ba. Mu muna ganinsa.

Muna ganinsa kullum. Yana bakin tasha da roba a hannu. Yana unguwar Tsunami, yana Damba, yana Tudun Wada, yana kwana a kangon da ba ƙofa ba taga. Uwarsa ta gudo da shi cikin dare daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa. Uban yana ƙasa, ko yana daji a hannun masu neman kuɗin fansa. Gonar da ta ciyar da su ta gagari shiga. Rumbun ya ƙone. A Tsafe haka ne. A Bungudu haka ne, daga Nahuce har Kwatarkwashi. Ba labarin rediyo ba ne. Bayan katangarka ne.

Ka dube shi da kyau. Gashi ya yi ja ya yi laushi. Dantse ya tsotse. Wani kuma ƙafafunsa sun kumbura, mai wucewa ya ɗauka ƙiba ce. Tamowa ke nan. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, yunwa ce da cuta suka haɗu. Yaron da ke wannan hali, gudawar kwana biyu ta isa ta tafi da shi. Ƙyanda ta isa. Zazzaɓin cizon sauro ya isa.

Mun taɓa ganin irin wannan rana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Su wa suka fara kwarmata wa duniya? Likitocin ƙungiyar MSF, baƙi kuma. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, duniya ta yi ca, aka sako su, duniya ta juya ta kama wani zance. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wasu ƙasashen ma suka tsuke bakin aljihu. Wanda ke jiran jirgi ya sauko da ceto, jiransa zai yi tsawo. Yaron ba zai iya jira ba.

To wa ya rage? Ni da kai. Ni da ke.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Wa ya koya wa kakanninmu riƙon ɗan wani? Wa ya koya musu ciyayya, da gayya, da fitar da zakkar hatsi tun a bakin gona? 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ta tara malamai da almajirai tun kafin jihadi, kuma mutanen gari ne ke ciyar da masu karatu. Nana Asma'u ta tura jajinta ƙauye-ƙauye suna koyar da mata, ba da kuɗin wata ƙasa ba. Musulmi ya san matsayin mai riƙon maraya. Kirista ya san abin da aka umarce shi game da yara ƙanana. Gadonmu ne. Ɗa na kowa ne, haka muka taso muka ji. Mu tashi mu nuna ba a baki maganar ta tsaya ba.

Ɗauki ɗaya.

Ban ce ɗari ba. Ban ce goma ba. Yaro ɗaya, a unguwarku, wanda ƙafarka za ta kai gare shi ba tare da ka hau hanya mai hatsari ba. Ka san sunansa. Ka san sunan uwarsa da garin da suka baro. Ka zauna ka gaishe ta gaisuwar mutunci, domin jiya matar gida ce mai rumbu da awaki, ba ta saba miƙa hannu ba. Ka tambaye ta abin da ya fi damunta kafin ka yanke abin da za ka kawo. Sannan ka dawo. Mako mai zuwa ka dawo. Bayan salla ka dawo. Dawowar nan ita ce aikin.

Iyayenmu mata, ku ne kan gaba. Inna, Yaya, Hajiya, Mama, in kin ɗora tukunya ƙara ludayi ɗaya. Ki soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa su tare, ki dama wa yaron kunu mai kauri. Ki sa zogale a miya. In Allah ya hore ƙwai, ki ba shi, kada ki saurari masu cewa ƙwai na sa yaro sata. Ki ƙarfafa mai jego ta ba da nono zalla wata 6, ki kuma ciyar da ita, don mai yunwa ba ta da ƙarfin reno. In gudawa ta kama yaro, ki haɗa ruwan gishiri da sukari, ki ba shi kaɗan-kaɗan, ki kai shi asibiti. Ki roƙi ma'aikaciyar lafiya ta nuna miki zaren awon dantse mai launi uku. Kore, alhamdu lillahi. Rawaya, a tashi tsaye. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yau za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Ku leƙa bakin yaran nan. Dasashi na jini, baki na wari, kunci ya fara kumbura? Kada a tsaya shafe-shafe. Zaizayar baki cikin kwanaki take cin fuska, alhali in an tare ta da wuri maganin asibiti na kashe ta. Akwai asibitin yara na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. Ku faɗa wa maƙwabta. Ku faɗa a gidan suna, ku faɗa a gidan biki.

Abincin nan na leda da ake ba masu tamowa magani ne. Ba abin kasuwa ba ne, ba abin lasar manya ba ne. Kada ki sayar. Kada ka saya. Mai shago, kada ka ajiye shi a kantarka. Duk ledar da ta shiga kasuwa, daga bakin wani yaro aka fizge ta.

Malam, kai ne ake ji. Liman, kai ne ake bi. Ku faɗa a huɗubar Juma'a. Ku ce a kai yara rigakafi, ta ƙyanda a wata 9. Ku ce a buɗe ƙofa ga masu rabon maganin zazzaɓi na damina. Ku sa kwamitin masallaci ya zaga ya rubuta marayun unguwa gida-gida, a karanta lissafin abin da aka tara a gaban jama'a, don amana ta zauna. Malamin allo, almajirin da ya kwanta ciwo amana ne a wuyanka, kada ka bar shi a zaure. Fasto, Fada, ku faɗa ranar Lahadi. Zumuntar Mata, ku da kuka iya tara kai, ku leƙa kangon da ke bayan coci, kada ku tambayi addinin mai kuka kafin ku share masa hawaye. Matan FOMWAN, 'yan agajin Izala, na ɗariƙa, na Jama'atu, in kun haɗu da su a ƙofar gida ɗaya ku gaisa, ku raba aiki. Yunwa ba ta tambayi yaron nan inda yake ibada ba.

Alhaji na kasuwa, kwano ɗaya daga kowane buhu. Manomin da Allah ya ba ikon girbi bana, fitar da zakka, ka fara da wanda aka raba da gonarsa. Ɗan kabu-kabu, mai Keke Napep, in ka ga uwa da yaro a sanƙame a kafaɗa, tsaya. Kai ta Asibitin Yariman Bakura, kai ta asibitin tarayya, kai ta na mata da yara na Sarki Fahad, kai ta shan-magani mafi kusa. Kuɗin mai zai dawo. Tela, yadin da ya saura ya isa rigar makaranta. Mai kemis, in ciwo ya fi ƙarfinka ka faɗa, ka tura su gaba. Malamar firamare, ki karɓi yaron ko ba takalmi, ko ba takardar haihuwa, a nemo daga baya.

Samari da 'yan mata masu waya a hannu, ina kira gare ku da babbar murya. Kun yi karatu. Ku tara yara biyar a inuwa bayan la'asar, ku koya musu baƙi da wasali da ƙirga. Ku sayi littafin rubutu ɗaya, ku rubuta suna, shekaru, awon dantse, ranar rigakafi. Ku ba da jini in an nema. Amma ku ji tsoron Allah, kada ku ɗauki hoton yaro tsirara da haƙarƙari a waje ku watsa a Facebook. Zai girma. Zai gani. Ku kare mutuncinsa yadda za ku kare na ƙaninku.

Wannan bai sauke wa gwamnati nauyi ba, ko kaɗan. Tsaro nata ne. Asibiti nata ne. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, to mu bi sawu mu ga ta iso ajin unguwarmu. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi, ku kai mata sunayen marayunku a rubuce. Ku je wurin kansila. Ku je wurin mai unguwa da hakimi, su kai kuka gaban Sarkin Katsinan Gusau, gaban 'Yandoton Tsafe, gaban Sarkin Fulanin Bungudu. Ku je da ladabi, ku je da takarda, ku je da yawa. In an ce ku dawo, ku dawo. Amma kada yaron ya kwana da yunwa kuna jiran amsa.

Na san hannu ya yi ƙunci. Na san kwanon masara ya yi tsada, na san gidan da ke ciyar da goma yau yana ciyar da ashirin. Da yawanku kun riga kun fara, kun raba ɗaki da 'yan gudun hijira ba wanda ya ji. Allah ya saka muku. Ku ja maƙwabci ya shigo. Wanda ba shi da hatsi yana da ƙafa, ya raka asibiti. Wanda ba shi da ƙafa yana da baki, ya yi magana. Gida biyar su haɗu a kan yaro ɗaya in gida ɗaya ba zai iya ba. Ku yi adashi dominsa. Ku raba kwanaki: Asabar gidan wane, Lahadi gidan wance.

Tashi, ɗan uwa. Tashi, 'yar uwa. Kada ka jira kwamiti. Kada ki jira azumi, kada ka jira Kirsimeti. Yau da magariba a zuba tuwo a kwano, a rufe, a ɗauka. Ka yi sallama a ƙofar kangon nan. Ka tambayi sunan yaron, ka rubuta. Gobe da safe ka kama hannunsa ku tafi a auna shi.