Kallon Ganyen Kaka A Bakin Tafki

A jihar New York ta Amurka akwai dogayen tafkuna 11 masu kama da yatsun hannu, ana ce da su Finger Lakes. In kaka ta yi, yini ya gajarta, sai koren ganyen itatuwan bakin ruwa ya dushe, ya rikiɗe ja da rawaya. Amma abin ba ya daɗewa. Yakan kai matuƙa wajen tsakiyar Oktoba, iskar dare guda kuwa tana iya kakkaɓe shi.

Saboda haka matafiyi ya kama masauki tun da wuri a Ithaca ko Watkins Glen, ya tanadi rigar sanyi. Wanda ya yi jinkiri har ƙarshen Nuwamba, tsirarar rassa zai tarar, kuɗin jirgi ya tafi a banza. Da sanyin safiya ake kama fara.