Kafin A Sayar Da Rumfa Don Tuƙin Jirgin Sama

Wata magana ta yawaita a zaurukan cikin birni da rumfunan Kasuwar Kurmi, watau maganar samari da magidanta masu sana'a a hannu, waɗanda ransu ya raja'a ga tuƙin jirgin sama, har suna nufin su bar abin da suke yi su biya kuɗin koyo daga aljihunsu. Wani ɗan tireda ne, wani malamin makaranta, wani akawu, wani kuwa yaron kanti ne da ubangidansa ya sallame shi da jari. Kowannensu yakan je wurin mahaifinsa ko malaminsa neman shawara da addu'a. Sau da yawa wanda aka tambaya bai san kan al'amarin ba, sai ya hana don tsoro, ko ya yarda don kunya. To, shawarar da aka bayar bisa rashin sani ba ta fisshe kowa, shi ya sa ya kamata a warware zancen dalla-dalla.

Da fari dai, babu aibu ga mutum ya sake sana'a, kuma tuƙin jirgi sana'a ce ta mutunci wadda ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na bayan gari. A 1936 aka fara jigilar fasinja, kuma filin jirgin Kano, wanda ake kira da sunan Malam Aminu Kano, shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. Ta nan alhazai suka riƙa isa Jidda cikin awoyi kaɗan, alhali kakanninsu sun yi shekaru a kan hanyar Sudan. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Ƙofar Nasarawa. Saboda haka wanda ya ce ɗan birni ba zai iya ba, ya yi masa ƙazafi.

Sai dai abin da mai sha'awa yakan manta shi ne, karatun nan hawa-hawa ne, kamar karatun allo. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, wadda Nijeriya take bi, takardar izini ta farko tana bukatar awa 40 a sama, kuma mai ita ba shi da ikon ɗaukar kowa don a biya shi. Ta biyu, wadda take halatta masa cin abinci da tuƙi, tana bukatar awa 200, ko 150 a makarantar da aka yarda da tsarinta. Ta uku, wadda sai da ita mutum yake shugabantar babban jirgin fasinja, sai ya cika awa 1,500. Kowace awa ta koyo kuwa da kuɗi ake sayenta, domin jirgi mai yake sha, malami lada yake karɓa. Malamai sun fi kowa sanin cewa yaron da ya yi sauka ba a ba shi buzu a ce ya zauna ya karantar. Da saura hadda, da satu, da shekarun gardanci, kana a kira shi alaramma.

Ga kuma wani rami da ba a cika faɗa wa mai koyo ba sai ya zo bakinsa. Ƙaramin jirgin makaranta daban, jirgin kamfani daban. Kowane irin babban jirgi yana da shaidar ƙwarewa tasa ta musamman, wadda ake koyo a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, galibi a ƙasashen waje, kuma da dala ake biya. Kamfani yana son wanda ya riga ya ƙware ya tara awoyi, awoyi kuwa ba su taruwa sai an ɗauki mutum aiki. Kano ta ga wannan da idonta. A 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, gwamnati ta aika ɗalibai 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Suka komo da takardunsu, amma da yawa daga cikinsu suka shafe shekaru ba su sami kujerar jirgi ba, saboda rashin wannan shaida da ƙarancin gurbi. To, idan haka ta sami wanda hukuma ta biya wa, ina ga wanda ya sayar da rumfarsa?

'Yan kasuwa kuma su dubi al'amarin ta fuskar canji. Kafin watan Yuni na 2023 ana sayar da dala a farashin hukuma wajen naira 460, cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wanda ya fita waje koyo da lissafin farko, kuɗinsa ya ƙare masa a tsakiyar hanya, ga takarda ba ta samu ba, ga rumfa ta tafi. Ita kanta sana'ar tana da fari da damina. Kamfanin jirage na gwamnati, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003, ma'aikatansa suka daɗe suna jiran haƙƙinsu. A 2020 annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, kuma shekara biyu a jere ba a yi jigilar alhazai daga waje ba. Madugu na gari ba ya tashi da ayari sai ya ƙidaya zango da rijiyoyi, ya san guzurin da zai kai shi Gwanja ya komo da shi.

Saboda haka ga tsarin da ya kamata mai niyya ya bi, kuma mahaifi ko malami ya tambaye shi a kansa. Na ɗaya, ya fara da likita kafin ya taɓa jarinsa. Akwai gwaji mai daraja ta ɗaya da likitocin da hukumar jiragen sama ta yarda da su suke yi, na ido da kunne da zuciya da jini. Mutum yana iya zama lafiyayye a kasuwa, amma rashin rarrabe launi kaɗai ya hana shi. Gwajin nan kuɗinsa kaɗan ne, kuma ana maimaita shi aƙalla sau ɗaya a shekara muddin mutum yana aiki. Na biyu, ya auna Turancinsa da lissafinsa, domin da Turanci matuƙi yake magana da hasumiya, kuma dole ya kai mataki na 4 cikin 6. Na uku, ya ƙidaya shekarunsa, gama ba a tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe bayan shekara 65. Ɗan shekara 25 da ɗan shekara 40 ba lissafinsu ɗaya ba. Na huɗu, ya haɗa kuɗin makaranta da na shaidar ƙwarewa da cefanen gida na shekarun koyo da na jira, ya ga jimla. In bai da ita, ya dakata, ko ya ɗauki karatun kashi-kashi, rumfarsa a buɗe a hannun amintacce.

Akwai kuma dukiyar da ba ta halatta a zuba a wannan hanya, kome ƙarfin sha'awa. Ciyar da iyali wajibi ne, koyon tuƙi kuwa halal ne kawai, ba a barin wajibi don halal. Gidan gado da 'yan'uwa mata da marayu suke da rabo a ciki ba na mutum ɗaya ba ne, balle ya jinginar. Jarin ƙiradi amana ce da aka bayar don ciniki, wanda ya karkatar da ita ya ci amana ko da ya yi nufin biya. Bashin ruwa kuwa hukuncinsa sananne ne, kuma shi ba ya jiran mutum ya sami aiki. In ana so a ga asara, a dubi magidancin da ya fita da rumfa da gida, ya komo da takarda a jaka yana neman wanda zai ba shi jiran kanti.

Amma nauyin ba a kan samari kaɗai yake ba. Attajiran Arewa sun daɗe a harkar jirage. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, bayansa Alhaji Dahiru Mangal ya kafa Max Air, Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina ya kafa Azman Air. Birnin da ya ga wannan bai rasa masu hali ba. Tsohuwar al'adar Kurmi ita ce ubangida ya ɗauki yaro, ya koya masa, ya ba shi jari, yaro ya yi masa hidima shekaru sanannu. Me zai hana a yi haka a nan? Mai kamfani ya biya wa wanda ya gama makaranta kuɗin shaidar ƙwarewa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa zai yi masa aiki shekara kaza. Masu dukiya su haɗa asusu na rance ba ruwa, wanda ya sami aiki ya mayar, na bayansa ya karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda likita ya wanke, lissafinsa ya cika, iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba, iyaye su sa masa albarka ya tafi, kada a tsare shi don tsoron abin da ba a saba ba. Wanda kuwa ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, a gaya masa gaskiya tun rumfa tana hannunsa. Allah ya sa a dace.