A Bar Ƙannenmu Su Yi Waƙa da Tafi

Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, a yawancin azuzuwan nazare za ka ji ƙannenmu suna rera waƙoƙin Turanci a zaune, hannu a harɗe, ba su san ma'anarsu ba. Mu dai a ganinmu, wannan karatun aku ne. Ɗan shekara 4 da jikinsa yake koyo: in ya ƙirga da tafi da tsalle, lissafin zai zauna masa. Iyayenmu mata ma a dandali suka haddace waƙoƙin gaɗa, ba da bulala ba. Dokar UBE ta 2004 ta sanya karatun ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, saboda haka ba abin wasa ba ne. Malamanmu, don Allah a ware minti 10 kullum, a miƙe tsaye, a fara da waƙar Hausa.