Wanda Ya Kama Ƙadangaruwa, Ya Ba Ta Wurin Ƙwai

Kowace uwargida a Augie ta san in kaza ta fara kyarkyara, sai a gyara mata akurki. Amma mu da ke tsare ƙadangaru don darasin kimiyya, da gardawan da ke yawo da macizai cikin akwati ranar kasuwa, ba mu cika yin wannan tunani ba.

Mun ga illar haka da idonmu. Wata damina ɗalibanmu suka kamo ƙadangaruwa mai ciki, muka sa ta a akwatin gilashi babu ko ƙasa. Kwana da kwanaki tana kartar gindin akwatin, muna cewa gudu take nema. Da ta mutu muka feɗe ta, sai ga ƙwai cike da cikinta. Abinci muna ba ta. Wurin nasa ƙwai ne muka hana ta. Laifin namu ne, mu malamai.

Ku dubi yadda suke yi a daji. Ƙadangaruwa takan tona rami cikin rairayi mai danshi inda rana ke bugawa, ta binne ƙwanta. Guzar fadamar Rima takan fasa suri da damina ta zuba nata, gara ta liƙe wurin. Mesa kuwa naɗewa take bisa nata har su ƙyanƙyashe. Ɓawon ƙwan nan laushi gare shi kamar fata, in ya bushe ya lalace. Ɗumi ma ba abin wasa ba ne: a 1966 wata masaniya a Dakar, Madeleine Charnier, ta gano cewa zafin wurin kwanci ne ke sa ɗan ƙadangare ya fito namiji ko mace.

Saboda haka, ɗalibai, kafin ku kama, ku tanadi rairayi mai zurfin taki guda, mai danshin da in an dunƙula zai kama amma ba ya ɗiga. Ku yi mata lungu mai duhu, gefe ɗaya ɗumi, gefe ɗaya inuwa. In ta nasa, kada a juya ƙwan, domin ɗan da ke ciki yakan mutu. Macizai masu dafi irin su kububuwa kuwa, ba na hannun ɗalibi ba ne sam.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Halittar da muka tsare amana ce a wuyanmu. In ba za mu iya ba, mu mayar da ita inda muka kamo ta kafin cikinta ya yi nauyi.