Ba Kowace Laimar Kwaɗi Ke Shiga Tukunya Ba

Da damina ta zauna a Basirka, yara masu kiwo da mata masu itace kan ci karo da naman kaza a gindin suri. Ni dai a ganina, wanda bai koyi tantance shi a hannun tsohuwar da ta saba cinsa ba, ya bar shi inda ya gan shi. Mai dafi yana kama da na ci, kuma tafasa ba ta kashe dafin. Wani sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, alhali dafin yana cin hanta. In haka ta faru, a garzaya asibitin Gwaram ko Birnin Kudu da ragowar miyar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Allah Ya kiyaye.